Maimuna ko Halima: shin kyan suna a rubuce hujja ce wajen zaɓa wa jariri suna?

Wata baiwar Allah mai juna biyu ta aiko da tambaya. Ita da maigidanta sun tace sunaye har sun rage biyu idan mace aka samu: Maimuna da Halima. Dukansu suna yi musu daɗin ji, ma'anarsu ma ta kwanta musu. Amma ita duk sanda ta ɗauki biro, Maimuna yakan fito mata sumul, Halima kuwa sai ta ga ya tsaya ƙiƙam ba fasali. Maigida ya ce wannan ba hujja ba ce, ai suna kira ake yi. Tana so ta ji ko siffar suna a takarda abin lura ce, ko kuwa ita ce ke neman wahalar da kanta.

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Ba wahalar da kai kike yi ba, kuma maigida ma bai faɗi ƙarya ba. Sana'ata koyar da rubutun hannu ce, ga yara da kuma malaman da za su koyar da su, don haka na ga sunaye rubutattu iri-iri, a bangon littafi da rajistar aji da takardun jarrabawa. Kin kama abin da ya cancanci kulawa, sai dai kin kama shi ta gefen da bai fi nauyi ba. Ke kina tambayar wanne ya fi kyau a hannunki. Abin da zai shafi 'yarki nan gaba shi ne wanne zai fita lafiya daga hannun wasu. 'Yan shekaru kaɗan za ki yi kina rubuta mata sunan nan. Daga nan akawun rajista ne zai karɓa, da malamin da yara suka cika wa aji, da ma'aikaciyar jinya mai sauri, da na'urar da ke karanta fasfo, kuma babu ko ɗaya cikinsu da zai tsaya ya ƙawata shi yadda kike yi.

Bari mu fara da abin da ya sa Maimuna ke yi miki daɗi, domin akwai dalili. In kika cire babban baƙin farko, sauran haruffansa duk tsawonsu ɗaya: a, i, m, u, n, a. Babu mai miƙewa sama, babu mai jela a ƙasa. Hannu motsi ɗaya yake maimaitawa, hawa da sauka, kuma in rubutun haɗe kike yi ba za ki ɗaga biro ba sai kin kai ƙarshe, sannan ki koma ki sa wa i ɗigonsa. Yatsu na son maimaici. Halima kuwa da H ya fara, sanda biyu da gicciye, zane uku ke nan daban-daban kafin a shiga cikin suna, sannan l ya sake miƙewa a tsakiya. Wannan tsaye-tsayen shi ne kika kira rashin fasali.

Akwai kuma abin da ba lalle kin lura da shi ba. A 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Beljiyam, Jozef Nuttin, ya nuna cewa mutane sun fi son haruffan da ke cikin sunansu, musamman na farko, ba tare da sun san me ya ja su ba. An maimaita gwajin a ƙasashe da dama, da baƙaƙe daban-daban, aka yi ta samun abu ɗaya. Ki duba naki sunan. In da M ya fara, ko yana cike da m da n, to wani kaso na kyan da kike gani sabo ne kawai: hannunki ya goge a kan waɗannan haruffa tun kina ƙarama. Ba aibi ba ne, amma kyan a hannunki yake zaune. In maigida ya ɗauki biron, wataƙila akasin haka zai gani.

Masu bincike sun daɗe da lura cewa ido da kunne na haɗa baki a nan. Tun 1929 Bajamushe Wolfgang Köhler ya zana siffofi biyu, ɗaya mai lanƙwashe-lanƙwashe, ɗaya mai tsini, ya ba mutane kalmomin ƙirƙira su raba musu. Kalma mai taushi ta tafi ga mai lanƙwasa, mai kaifi ta tafi ga mai tsini. A 2001 aka sake gwajin da kalmomin "bouba" da "kiki", aka shiga muhawara ko sautin ne ke aiki, ko kuwa siffar b da o masu kumburi da k mai ƙafafu a warwatse. Da aka gwada masu magana da harsuna 25 masu rubutu iri-iri, sai aka ga yawanci aikin sauti ne, siffar harafi ƙari kaɗan take yi. A nan dai maigida ya ci maki.

Ga kuma abin da zai ba ki dariya. Ki rubuta sunayen biyu da baƙaƙen Larabci, inda tushensu yake. Halima: ha, lam, ya, mim, ta marbuɗa, duk a sarƙe, alƙalami bai tashi ba har ƙarshe. Maimuna kuwa a tsakiya yake yankewa, domin wau na cikin haruffa shida da ba sa haɗuwa da harafin da ke biye da su, tare da alif da dal da zal da ra da zaira. Wato wanda ya yi miki sumul a boko shi ne mai tsinkewa a can, wanda kika ce ya tsaya ƙiƙam kuma shi ne mai gudu. Dawud ma a Larabci haruffansa huɗu ne kuma babu wanda ya taɓa wani, amma ba wanda ya taɓa cewa sunan ya rasa kwarjini saboda haka. Duk yaron da zai rayu tsakanin rubutu biyu, sunansa fuska biyu gare shi, kuma da wuya a sami wanda ya yi sumul a duka biyun.

Yanzu ga inda lamarin yake da nauyi. Abin da ya sa Maimuna ke da daɗin rubutawa shi ne kuma ke sa irinsa wuyar karantawa daga hannun mai sauri. Haruffan m da n da u da i duk da gajerun sanduna aka gina su: m uku, n biyu, u biyu, i ɗaya. In suka jeru, marubuci kuma bai bambance wanda ke rufe a sama da wanda ke buɗe ba, sai su koma kamar haƙoran mataji, mai karatu ya shiga ƙirga. A tsakiyar Maimuna sanda takwas ne a jere ba hutu. Halima kuwa, H da l ɗin nan da suka ɓata miki rai su ne ido ke kamawa ya gane kalmar tun daga nesa, ko da sauran haruffan sun ruɗe.

Magatakardan Turai na zamanin da sun sha wannan wahala, har ma ita ce ta haifar da ɗigon da ke kan i: wajen ƙarni na 11 suka fara ɗora masa ɗan zane don a tsamo shi daga cikin sandunan. Duk da haka kuskure bai ƙare ba. Tsibirin Iona da ke Sukotilan, a tsofaffin rubuce-rubuce Ioua ne. Wani mai kwafi ya ɗauki u a matsayin n, sunan ya zauna haka har yau. Sunan mata Imogen, wanda ake yayinsa a Ingila, masana da yawa na ganin Innogen marubucin wasan kwaikwayo Shakespeare ya rubuta a wani wasansa, masu ɗab'in 1623 suka karanta n biyu a matsayin m ɗaya. Wani da ya kalli wasan a 1611 ya bar bayani, kuma Innogen ya rubuta. Shekara ɗari huɗu ke nan ana raɗa wa 'ya'ya mata sunan da, bisa ga dukkan alamu, kuskuren ƙirga sanduna ya haifa.

Malaman hadisi sun fi kowa ɗaukar wannan da muhimmanci, domin a wurinsu sauya sunan mai ruwaya na iya mai da amintacce maƙaryaci. A rubutun Larabci matsalar ta ɗigo ce. Abbas da Ayyash gangar jikinsu ɗaya, ɗigo kawai ya raba su. Haka Hibban da Hayyan, haka Hamza da Jamra. Har fanni guda suka ware a kan sunayen da suka yi kama a rubuce suka bambanta a furuci, manya irin su Daraƙuɗni suka yi talifi a kai. Amr da Umar kuwa haruffansu iri ɗaya ne sak, ain da mim da ra, shi ya sa ake ƙara wa Amr wau a ƙarshe wanda ba a furtawa, don ido kawai. Ana danganta wa Aliyu ɗan Madini, malamin Bukhari, cewa kuskuren karatu mafi tsanani shi ne wanda ya faɗa a kan sunaye. Malamai suka bayyana dalili: suna ba a gano shi da ƙiyasi, kuma abin da ke gabansa da bayansa ba ya nuna shi.

Wannan dalilin shi ne kan maganar gaba ɗaya. In na rubuta miki "yaro ya sha r..." sauran kalmar ta goge, za ki cike da kanki, jimlar ta taimake ki. Amma suna a kan fom shi kaɗai yake zaune cikin akwatinsa. Babu jimla da za ta cece shi. Abu ɗaya ne kawai ke tsaya masa: mai karatu ya riga ya san sunan. Shi ya sa ba na jin tsoron Maimuna duk da sandunansa takwas. Wanda ya saba da shi, daga ya ga M da a da tsawon kalmar ya gama karantawa, ba ya ƙirga komai. Haɗarin yana ga sunan da ya haɗa abu biyu: cike yake da sanduna, kuma baƙo ne ga mai karatu. Kuma ki tuna baƙunci ya danganta da inda yarinya za ta tsinci kanta. Sunan da kowa ya sani a wata ƙasa, a wata sai an faɗa harafi-harafi.

Daga nan za ki gane abin da ya sa ba na goyon bayan yayin nan na sauya ƙa'idar rubuta suna don ya yi kyau a ido: a mai da i ya koma y, a ninka wasali, a liƙa h a ƙarshe, a cusa x ko z inda ba su da aiki. Iyaye suna ganin sun ba yaro abin da ba kowa ke da shi ba. Gaskiya ne, amma sun kuma ƙwace wa sunan garkuwarsa guda ɗaya, wato sanin da mutane suka yi masa. Duk wanda ya ji zai rubuta yadda aka saba, duk wanda ya gani zai yi shakkar yadda ake faɗa, yaro ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane. Wani bincike da Simon Laham da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa mutane sun fi sakin jiki da sunan da suka iya furtawa daga gani, har suka duba lauyoyi kimanin 500 a Amurka suka ga masu sunaye masu sauƙin furuci sun ɗan fi samun manyan muƙamai. Kada ki ɗauke shi ƙaddara, tasirin ƙarami ne, kuma laifin na masu hukunci da suna ne. Amma ban ga abin da zai sa uwa ta ƙara wa ɗanta ko ɗan wannan nauyin don kwalliyar harafi ba.

Wata matsalar kuma ba ƙirƙira ke kawo ta ba, sunan ne da kansa yake da rubutu da yawa da duk aka yarda da su. Duk sunan da ya tsallako daga wani rubutu zuwa boko haka yake. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta bayyana Muhammad a matsayin sunan da aka fi sa wa jarirai maza a Ingila da Wales a 2023, kuma wannan rubutun kaɗai aka ƙirga, Mohammed da Mohammad kowanne layinsa daban. A kunne suna ɗaya ne, a kwamfuta mutum uku. Yarinyar da take Halima a takardar haihuwa, Halimah a takardar kammala makaranta, Haleema a banki, wata rana sai ta yi rantsuwa a gaban hukuma cewa duk ita ce. Kuskuren ma sau da yawa tun ranar rajista yake shiga, daga hannun iyaye da kansu. 'Yar wasan Birtaniya Keira Knightley ta faɗa da bakinta cewa Kiera aka nufa, mahaifiyarta ta juya haruffa biyu wajen rajista. Ita dai nata ya zo da sauƙi.

Sai alamomin da ke rataye a jikin haruffa, waɗanda su ne suka fi ƙawata suna kuma su ne suka fi saurin zubewa. Ki buɗe fasfo ki dubi layuka biyu na ƙasan shafin hoto. Wannan wurin na na'ura ne, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ce ta tsara shi: kowane layi gurbi 44, suna gaba ɗaya gurbi 39 aka ba shi, kuma babu abin da ke shiga sai A zuwa Z da lambobi da alamar cike gurbi. Alhamza, ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama, zubar da shi ake yi, sai A'isha ta koma AISHA, O'Connor ya koma OCONNOR. Karan ɗori ya zama gurbi. Bajamushe Müller ya koma MUELLER. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba ta da wuri. Sunan da ya zarce gurbin kuwa a datse shi. Ba cewa nake a guji sunaye masu alama ba, ko kusa. Harshen mutum haƙƙinsa ne. Abin da nake so iyaye su yi shi ne su rubuta sunan tsirara, ba ko alama ɗaya, da manyan baƙaƙe, su gani ko har yanzu shi ne, ko kuwa ya koma wata kalmar da ba za su so a kira ɗansu da ita ba.

Hukumomi ma sun sa baki a wannan fiye da yadda mutane ke zato. A Faransa, a 2017, wata kotu ta hana wasu iyaye sa wa ɗansu sunan harshen Bireton, ɗaya daga cikin harsunan ƙasar, saboda yana ɗauke da ñ. Kotun ɗaukaka ƙara ta Rennes ta ba su gaskiya a 2018, shari'ar ba ta mutu ba sai 2019. A Turkiyya, baƙaƙen da aka kafa a 1928 ba su da q da w da x, don haka Kurdawa suka daɗe ba sa iya rajistar sunayensu masu waɗannan haruffa, sai a 2013 aka sassauta. Jihar Kalifoniya ta shafe shekaru da dama tana rubuta José a matsayin Jose, domin a lokacin haruffa 26 na Ingilishi kaɗai take karɓa. Wasu iyaye a Suwidin kuwa, don nuna fushinsu da dokar sunaye, suka miƙa suna mai baƙaƙe da lambobi 43 suka ce Albin ake karanta shi. A 1996 kotu ta ce ba ta san wannan ba.

Inda siffar suna ta fi zama babban lamari shi ne Japan da Sin, domin a can sauti ɗaya ana iya rubuta shi da alamomi da yawa, kowace da ma'anarta da yawan zanenta. Iyaye a Japan sukan tsayar da sautin suna, sannan su zauna zaɓen alamar da za ta ɗauke shi, suna duba ma'ana da daidaito da sunan dangi, wasu har da ƙirga zane don neman sa'a. Doka ta iyakance su ga alamomi 2,136 na yau da kullum da wasu sama da 860 da aka ware don sunaye. Da iyaye suka fara ɗora wa alamomi karatun da ba wanda zai iya hasashe, sai aka gyara doka: daga watan Mayun 2025 ana rubuta yadda ake furta suna a rajistar iyali, kuma ana iya ƙin karatun da bai da alaƙa da alamar. A Sin kuwa, wanda iyayensa suka tono masa wata tsohuwar alama mai kyau da ba ta cikin kwamfuta yakan sha wuya a banki da wajen sayen tikiti. Jadawalin da gwamnati ta fitar a 2013 alamomi 8,105 ne. Ko a ƙasashen da suka fi kowa girmama kyan rubutu, da kyau ya yi karo da karantuwa, karantuwa aka bi.

Kada kuma mu manta 'yarki za ta fi ganin sunanta a fuskar waya fiye da takarda. Finlan ta daina tilasta koyar da rubutun haɗe a 2016. Manhajar da yawancin jihohin Amurka suka ɗauka a 2010 ba ta sa shi ba, ko da yake wasu jihohin, har da Kalifoniya, sun dawo da shi daga baya. A matsayina na mai wannan sana'a abin ba ya yi mini daɗi, amma gaskiya ita ce guduwar biron nan da kike ji a Maimuna, mai yiwuwa ita ba za ta taɓa jin ta ba. Waya kuma da nata tarkon. A yawancin salon haruffan waya babban I da ƙaramin l sanda ɗaya ne, shi ya sa Ilyas ke fitowa kamar da sanda biyu ya fara. Haka r da n in suka manne sai su zama m, c da l su zama d.

Iyaye da yawa sukan tambaye ni ko su zaɓi gajeren suna don yaro ya yi saurin koyon rubuta shi. Gaskiya ne sunan yaro yawanci shi ne kalmar farko da yake rubutawa, kuma harafin farkonsa shi ne ya fara ganewa a ko'ina. Gaskiya ne kuma hannu yana da matakai: layin tsaye wajen shekara 2, da'ira wajen 3, gicciye wajen 4, layin karkace sai wajen 4 da rabi zuwa 5. Saboda haka H da L da T da E sun fi zuwa da wuri fiye da K da M da Z da X. A nan ma Halima ya riga Maimuna. Juya b da d, ko rubuta S ta baya, abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7. To amma duk wannan wahalar shekara ɗaya ce ko biyu. Mai suna mai haruffa goma sha ɗaya da mai haruffa uku, kafin su gama aji biyu ba ka bambance su, sau da yawa ma mai dogon sunan ya riga ɗan'uwansa sanin baƙaƙe don ya fi shi yawan atisaye. Ba zan sauya suna don wannan ba.

Haruffan farko na cikakken suna sun cancanci kallo ɗaya, ba fiye ba. Ki jera na sunanta da na mahaifinta da na dangi, ki ga ko sun haɗa wata kalmar da yara za su riƙa tsokanarta da ita. A 1999 wasu masu bincike sun duba takardun mutuwa a Kalifoniya suka ce maza masu haruffan farko da ke ba da mummunar kalma sun fi saurin mutuwa. Labarin ya bazu sosai. A 2005 wasu suka sake lissafin bisa shekarar haihuwa, bambancin ya ɓace. Haka nan masu cewa karkatar rubutu ko yawan zanen suna na nuna hali ko arziki: an gwada masu karanta hali daga rubutun hannu sau da yawa, ba su fi mai hasashe ba. Ana cewa suna linzami ne, amma ma'anarsa ake nufi da kuma wanda aka yi wa takwara, ba tsawon sandunansa ba.

Sa hannu kuwa ki cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Na ga iyaye suna gwada yadda sa hannun jariri zai kasance, abin da ba su da iko a kai ko kaɗan. Mutum yakan ƙirƙiri nasa wajen balaga, ya sauya shi sau da dama, a ƙarshe ya zama wani zane da ko rabin haruffan babu.

In kina son gwajin da ya fi rubutawa da hannunki amfani, ga shi. Ki faɗa wa wani sunan ta waya, wanda bai san shawararku ba, ki ce ya rubuta ya turo. Abin da ya rubuta shi ne abin da duniya za ta riƙa rubutawa. Ki nemi wanda ya fi kowa mummunan rubutu cikin waɗanda kika sani ya rubuta shi da sauri, ki miƙa wa wani ya karanta da ƙarfi. Sannan ki rubuta cikakken sunan da manyan baƙaƙe, harafi ɗaya a kowane akwati kamar na fom, tare da sunan mahaifi, ki duba tsawonsa da kuma mahaɗar sunayen. Wurin mahaɗar nan ana mantawa da shi: in sunan farko ya ƙare da a, na biyu ya fara da a, masu kwafi sukan haɗiye ɗaya, ko su manne sunayen biyu.

Ni a ganina sunayenku biyu duk za su tsallake wannan gwaji. Halima ya ɗan fi ƙarfi a hannun mai sauri da hannun ƙaramin yaro, Maimuna kuma sanannen suna ne da sandunansa ba za su cuce shi ba a inda aka san shi. Tunda kun ce ma'ana da sauti sun yi kunnen doki, babu laifi daɗin da hannunki ke ji ya raba gardama. Ke za ki fara rubuta shi a jikin kayanta da littattafanta, kuma son da uwa ke yi wa suna ba ƙaramin abu ba ne. Da a ce ɗaya ya fi kwanta muku a ma'ana, ko akwai wadda kuke so ku yi wa takwara, da na ce ki bar biro ya yi shiru.

Abin da ya rage muku ke da maigida shi ne ku tsayar da rubutu ɗaya tun kafin haihuwa: Maimuna ko Maimunatu ko Maymunah, Halima ko Halimatu ko Halimah. Ku rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, wanda zai je rajista ya tafi da ita ya miƙa wa akawu maimakon ya faɗa da baki, kuma ya karanta abin da aka buga harafi-harafi kafin ya sa hannu. Duk takardar da za ta biyo baya, ta asibiti da ta makaranta da fasfo, daga wannan ta farkon za a riƙa kwafa.